Yadda ake saƙa doguwar rigar sanyi marar nauyi da ragowar ulu

Duk mai saƙa tana da ledar da take tara guntayen ulu, ragowar hular jariri, safa, ko suwaitar yara. Sanyin Kaduna kuwa na safe ne da dare. A Disamba da Janairu za ki fita da asuba kina rawar ɗari, kafin azahar rana ta buɗe. Doguwar riga sakayau mai buɗaɗɗen gaba, wadda za ki cire ki cusa a jaka, ita ta fi dacewa, kuma guntayen nan za su iya fitar da ita.

Fara da tantance zaren. Kauri ne abin dubawa kafin launi. Idan kika haɗa mai kauri da siriri, wani wuri zai takure, wani ya saki, rigar ta karkace. Wanda ya yi siriri da yawa ki riɓa shi biyu. Ki ɗora duka a sikeli. Rigar babba mai kaiwa gwiwa za ta ci kusan giram 500 na zare matsakaici. In bai kai ba, sayi launi ɗaya mai duhu a Kasuwar Sheikh Gumi ya zama uwar rigar, ko ki samo suwaitar gwanjo a Kasuwar Barci ki warware ta. Zaren warwara yana fitowa a lanƙwashe, sai kin jiƙa shi ya bushe kafin ya miƙe.

Kowane launi ki raba shi tun yanzu: kaso mafi yawa na baya, sannan biyu daidai na gaba, biyu daidai na hannu. Wanda bai yi haka ba zai gama hannun dama da ja, ya zo na hagu ja ya ƙare.

Rashin nauyin yana wajen tsinke. Zaren da aka saba saƙawa da tsinke mai milimita 4, ɗauki mai 5.5. Idanun saƙar, wato maɗaukan zaren da ke hawa kan tsinke, za su buɗe, iska ta ratsa, zaren kuma ya yi auki.

Kada ki tsallake gwaji, ko da hannunki ya ƙware. Saƙa ɗan ƙyalle, ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. A ce kin samu 16, faɗin bayan kuma santimita 55 kike so, ido 88 za ki ɗora. Layukan farko, kamar santimita 5, ki yi su da saƙar gaba (knit) zalla don kada bakin ya nannaɗe. Daga nan layi ɗaya saƙar gaba, ɗaya saƙar baya (purl), har tsawon ya kai santimita 95, ki rufe.

Sauya launi a bakin layi kawai, ki bar jelar zare kamar tsawon yatsa biyu. Ƙulli a tsakiya yana leƙowa bayan wanki. Ni na fi son ratsin da bai daidaita ba, wani faɗi wani siriri, da layi biyu na launin duhun nan tsakaninsu, shi ke sa ja da kore su zauna lafiya.

Gaba falle biyu ne, kowanne ido 35, tsawonsu ɗaya da baya. Ki ɗinke kafaɗu, tsakiya ya rage na wuya. Auna santimita 20 daga ɗinkin kafaɗa zuwa ƙasa, ta gaba da ta baya, ki tsinci ido 64 a tsakaninsu, ki saƙa hannu zuwa ƙasa kina rage ido ɗaya a kowane gefe duk bayan layi shida, har wuyan hannu. Sai ɗinkin gefe da ƙarƙashin hannu.

Saura doguwar tsiri ta ido 10, saƙar gaba zalla, daga ƙasan dama ta zagaye wuya ta sauka hagu. Ki ɗan ja ta wajen ɗinkawa don ta riƙe gaban.

Cusa jelolin da babbar allura ta ciki. Wannan ne aikin da ya fi gundura, gara ki riƙa yin sa kina tafiya. Wanke da ruwan sanyi, ki matse cikin tawul, ki shimfiɗa a kan tabarma a inuwa. Igiyar shanya za ta ja ta ta zama har ƙasa. Dutsen guga kuma kada ya taɓa ta, yawancin ulun kasuwa na roba ne, narkewa yake yi.