Yadda ake neman izinin sana'a a Yamai, da abin yi idan hukuma ta ƙi

Mutane da yawa a Yamai suna ɗauka cewa da zarar sun karɓi lambar rajistar kasuwanci da lambar haraji, to sun gama da gwamnati. Wannan zato ne ke sa a wayi gari an rufe wa mutum kantin magani, ko makarantar kuɗi, ko shagon canji, alhali yana riƙe da takardu masu hatimi. Rajista tana shaida cewa hukuma ta san da zamanka ɗan kasuwa; izinin yin wata sana'a da doka ta keɓe kuwa daga wata hukuma dabam yake fitowa, kuma da nasa sharuɗɗa.

Saboda haka, tun kafin ka kama hayar shago ko ka sayi kaya, ka bincika ko sana'ar da kake nufi tana cikin waɗanda ake neman wa izini na musamman. Galibi duk abin da ya taɓa lafiyar jama'a, ko dukiyarsu, ko karatun ƴaƴansu yana ciki. Buɗe farmasi, alal misali, sai wanda ya yi karatun haɗa magunguna kuma sunansa yake cikin kundin majalisar masu wannan sana'a, sannan hukumomin lafiya su amince. Yawan jari ba ya maye gurbin wannan. Harkar waya, intanet da aika saƙonni tana ƙarƙashin hukumar ARCEP, ita kuwa ARSE tana sa ido kan wutar lantarki da rarraba man fetur. Mai son yin canjin kuɗi a hukumance yana buƙatar amincewar ministan kuɗi bayan an ji ra'ayin babban bankin BCEAO. Makaranta mai zaman kanta izini biyu ake ba ta, na kafawa da na buɗewa, kuma wanda ya fara ɗaukar ɗalibai da na farko kaɗai ya jefa kansa da iyayen yara cikin haɗari.

Ita rajista ba ta da wuya kamar yadda ake tsoro. Dokar da ke tafiyar da ita ta OHADA ce, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar 17 ga Oktoba 1993, Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu tun farko, kuma yanzu ƙasashe 17 ne ke aiki da ita. Dokar ta wajabta wa ɗan kasuwa ya nemi shiga kundin rajistar kasuwanci, wato RCCM, cikin watan farko na fara aikinsa. A Yamai ana yin wannan a Maison de l'Entreprise, ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa da masu masana'antu ta ƙasa, inda aka tara ma'aikatun da abin ya shafa wuri guda domin mutum ya sami lambar RCCM da lambar haraji ta NIF ba tare da yawo ofis-ofis ba. Ka tafi da katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa ko ta shaidar zama ɗan ƙasa, da shaidar wurin da za ka yi sana'ar. Takardar kotu mai nuna cewa ba a taɓa ɗaure ka ba, wadda aka fi sani da kaziye, ita ce ke yawan jinkirta mutane, domin a al'ada daga kotun garin da aka haifi mutum ake ɗauko ta: haifaffen Tawa ko Madawa mazaunin Yamai sai ya aika gida. Doka ta yi sauƙi a nan, ta yarda ka fara da rubutacciyar rantsuwa, ka kawo kaziyen cikin kwana 75. Ka kuma lura cewa wata uku kawai takardar ke yi kafin a ce ta tsufa, don haka kada ka ɗauko ta sauran takardu ba su kammala ba.

Ga mai ƙaramin jari, gyaran da aka yi wa dokar a birnin Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ya kawo matsayin ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai yake yi, kuma dokar ta ce kyauta ne. Ma'aikacin gwamnati kuwa doka ta hana shi zama ɗan kasuwa muddin yana bakin aiki. Idan za ka ɗauki ma'aikata, sai ka yi musu rajista a CNSS, asusun fansho da kare lafiyar ma'aikata.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ajiye takardun neman izini, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya natsu. Ka fara da neman jerin takardun da ake buƙata daga ma'aikatar kanta, a rubuce, maimakon ka dogara da abin da wani ya faɗa maka a bakin ƙofa. Ka rubuta takardar roƙo da sunan shugaban da doka ta ba ikon sa hannu, minista ne ko gwamna ko kantoma, ka manna tambur idan an buƙata. Kwafin takardun karatu da na shaida a kai su meri ko ofishin ƴan sanda a tabbatar da su, asalin kuwa ya zauna a hannunka. Sa'an nan ka yi kwafin dukan dosiyen, kuma ranar da ka miƙa shi a ofishin karɓar wasiƙu kada ka juya sai an buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin, da kwanan wata da lambar shiga. Wannan hatimi shi ne kaɗai hujjarka a ranar da aka ce ba a ga takardunka ba, kuma daga kwanan watan da ke jikinsa ne za a lissafa tsawon shirun da hukuma ta yi maka. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit na baitulmali ko na hukumar. Masu cewa sun san wani a ciki, a ba su abu su gaggauta, ina ganin cutarwarsu ta fi amfaninsu, domin izinin da aka samu ta hanyar da ta saɓa ƙa'ida ana iya janye shi, kuma sunanka ne a jikinsa.

Ko da yake kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, har yanzu da Faransanci ake rubuta akasarin takardun ofis. Wanda bai iya karanta shi ba ya nemi amintaccen mutum ya karanta masa kowace takarda kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Batun wuri ma yana da nasa hukunci. Birnin Yamai gundumomi biyar ne, kuma izinin kafa rumfa ko kiyos a gefen titi daga hukumomin birni yake fitowa. Amma filin gwamnati ne, izinin na wucin gadi ne, ana iya karɓe shi idan bukatar jama'a ta taso, kuma biyan patanti ko kuɗin kasuwa shekara da shekaru ba ya mayar da wurin mallakarka. Waɗanda suka ga rusau ɗin da aka yi a manyan titunan birnin a 2016 sun san nauyin wannan magana. Hayar shago a hannun mai gida ta fi kariya, musamman idan a rubuce take, domin dokar OHADA ta ba ɗan hayar da ya shekara biyu yana sana'arsa a wurin haƙƙin neman sabunta hayar.

To idan aka ƙi ba ka izini, ko aka janye shi, ko aka rufe maka wuri fa? Da farko ka nemi a ba ka hukuncin a rubuce, domin maganar baki ba ta da kwanan wata kuma ba a san wanda ya ɗauki nauyinta ba. Ka rubuta ranar da takardar ta shigo hannunka, saboda daga ranar wa'adin ƙorafi yake fara gudu, wa'adin kuma gajere ne, wanda ya bari ya wuce ya rasa damarsa ko da shi ke da gaskiya. A makon nan na farko ya kamata ka ga lauya ko ka je wurin magatakardan kotu ka tabbatar da adadin kwanakin da suka rage maka.

Matakin farko na ƙorafi a cikin hukumar kanta ake yin sa: ko ka rubuta wa wanda ya yanke hukuncin ka roƙe shi ya sake dubawa, ko ka rubuta wa na sama da shi. Takardar ta kasance cikin ladabi, ta ambaci lambar hukuncin da ranarsa, ta faɗi abin da kake nema a fili, ita ma a buga mata hatimin karɓa. Idan aka yi shiru har tsawon lokacin da doka ta ƙayyade, ana ɗaukar shirun a matsayin ƙi, kuma hanyar kotu ta buɗe. Tun 2023 aikin da tsohuwar kotun Conseil d'État take yi a da na duba hukunce-hukuncen gwamnati ya koma hannun Kotun Ƙasa, wato Cour d'État, kuma lauyanka ne zai tantance kotun da ta dace gwargwadon hukumar da ta yanke maka hukunci.

Alƙali ba zai saurari cewa kana da iyali ko ka ci bashi ba, duk da gaskiyar hakan. Abin da zai duba shi ne ko an bi doka. Shin wanda ya sa hannu yana da ikon yin haka? An bi matakan da aka shimfiɗa, kamar jin ta bakinka kafin a hukunta ka? Dalilin da aka kafa hujja da shi gaskiya ne kuma doka ta san shi? Ko kuwa an yi amfani da iko ne don wata manufa dabam, kamar share wa wani abokin gasa hanya? A kan waɗannan za ka tattara shaidunka. Ka kuma sani cewa shigar da ƙara ba ya dakatar da hukuncin da kansa: wurin da aka rufe yana nan a rufe sai idan ka gabatar da roƙo na musamman na gaggawa kuma alƙali ya amince, don haka kada ka ɓalle kwaɗon da hukuma ta sa, domin yin hakan sabon laifi ne da zai raunana ƙararka.