Koyar da haƙƙin ɗan Adam a sakandaren Zariya: jagora ga baƙon malami

Idan ka zo Zariya sanin makamar aiki daga Nijar, Kamaru ko wata ƙasa, aka tura ka sakandare ka koyar da haƙƙin ɗan Adam, fara da neman malamin sibik, wato darasin zama ɗan ƙasa nagari. Batun yana cikin manhajarsa, ana kuma tambayarsa a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da NECO. Karɓi jadawalinsa, ka zauna a bayan aji sau biyu ko uku kana sauraro kafin ka riƙe alli. Takardar gabatarwarka kuwa hannun shugaban makaranta za ta fara shiga.

Baƙi da yawa sukan buɗe da jawabin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam na 10 ga Disamba 1948, su karanto sassansa 30 a jere. Kafin a kai na biyar rabin aji ya yi barci, sauran sun ɗauka kayan Turawa ne. Gara ka fara da kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, babi na huɗu: sashe na 33 haƙƙin rayuwa, 34 mutunci, 35 'yancin walwala, 36 shari'ar adalci, 38 addini.

Sashe na 35 ya fi kama hankalin yara, domin kusan kowa ya san wani da aka taɓa tsarewa. Rubuta a allo cewa wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. Darasi minti 40 ne galibi. Ba wannan bayani minti goma, sannan ka raba ajin rukuni-rukuni, kowanne mutum shida zuwa takwas, ka ba su labari ƙirƙirarre a 'yar takarda: an kama ɗan acaba a Sabon Gari ranar Litinin, har Alhamis ba a kai shi gaban alƙali ba. Su nemo haƙƙin da aka tauye cikin minti goma sha biyar, sauran lokacin wakilai su yi bayani. Ka bar su su yi muhawara da Hausa, amma su rubuta amsa da Turanci, don da shi za su zauna jarrabawa.

Akwai tarko a batun ilimi. Yara za su ce yana cikin babi na huɗu, alhali yana sashe na 18 ne a babi na biyu, wanda ba a kai ƙara kotu kai tsaye a kansa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ce ta wajabta karatun shekara tara kyauta.

Za a tambaye ka ko wannan ilimi ba ya koya wa yaro raina iyaye. Kada ka yi gardama. Buɗe Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda ake kira ta Banjul: sashe na 29 ya ɗora wa kowa nauyin girmama iyayensa da kula da su idan suna da buƙata. Masu zuwa Islamiyya kuma sun san abubuwa biyar da shari'a ta zo karewa: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Su za su kawo maka misalai da kansu. Ka tuna dai a ajin Samaru ko Wusasa akwai Kirista, don haka kada darasi ya koma wa'azi, kuma ka nisanci sunan jam'iyya ko ɗan siyasa.

Wani lokaci bayan an tashi, ɗaliba ko ɗalibi zai biyo ka ya faɗa maka abin da ake yi masa a gida. Saurara a wurin da mutane ke ganinku, kada ka yi alkawarin rufe sirri, kada kuma ka je gidansu. Kai maganar ga malamin ba da shawara ko shugaban makaranta a ranar. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara ta 2018, malamin ba da shawara da shugaban makarantar ne suka san ofishin da za a tuntuɓa.

In kana son bikin 10 ga Disamba, shirya shi a Nuwamba, domin ranar takan faɗo cikin jarrabawar zangon farko ko dab da hutu.