Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sarrafa XML a Manhajojin Intanet

Yawancin matsalolin da masu rubuta manhaja ke cin karo da su wajen sarrafa XML, tsarin rubuta bayanai a tsakanin alamomin buɗewa da rufewa, suna tasowa ne daga amincewa da fayil tun kafin a tantance shi. Da yawa suna zaton DOMParser, kayan aikin burauza mai karanta XML, zai yi ƙorafi idan aka ba shi XML mai lahani, alhali ba ya yi. Idan aka kira umarninsa na parseFromString da nau'in application/xml, kuma akwai alamar da aka buɗe ba a rufe ba, burauza za ta dawo da fayil ɗauke da reshe mai suna parsererror, manhajar kuwa ta ci gaba da aiki kamar lafiya lau. Wajibi ne a fara neman wannan reshen da querySelector kafin a taɓa komai.

Tsarin DOM, wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da matakinsa na farko a 1998, yana loda fayil gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a siffar bishiya mai rassa, don haka babban fayil yana iya durƙusar da sabar. A nan SAX, wani tsarin karanta XML na daban, ya fi dacewa, domin yana karantawa kaɗan-kaɗan, sai dai shi ma yana da tarkonsa: yana iya kiran characters, umarnin da ke karɓar rubutun cikin alama, sau da yawa a kan rubutu guda, wanda ya ɗauki kiran farko kaɗai kuwa zai tashi da guntun jimla. A riƙa tara rubutun har sai an iso endElement, wato inda alamar ta rufe.

Akwai kuma ƙaramin tuntuɓe a DOM: firstChild, mai ɗauko reshen farko, yakan dawo da sararin da ke tsakanin alamomi, ba alamar da ake nema ba, firstElementChild kuwa yana kawar da wannan.

Mafi haɗari, a ganina, shi ne barin DOCTYPE, sashen farkon fayil inda ake ayyana gajerun sunaye da ma'anoninsu, a buɗe a ɓangaren sabar. Ta wannan kafa maharin da ya turo fayil zai iya sa manhaja ta karanto masa /etc/passwd, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin masu amfani da sabar, wato harin XXE, ko ya jera ma'anoni goma da kowace ke kiran ta ƙasa da ita sau goma, har ɗan fayil ya kumbura zuwa kalmomi biliyan ɗaya. A haramta DOCTYPE a saitin manhajar karantawa muddin ba a buƙatarsa. Rubutun da aka ciro daga fayil ɗin waje kuma, a sanya shi a shafi ta hanyar textContent, mai ɗaukarsa a matsayin rubutu zalla, maimakon innerHTML, mai fassara alamomin da ke cikinsa.