Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Arduino ko ESP32 da Laftof

Laftof ɗin yanzu da yawa ramin USB-C kawai gare su, alhali ƙananan allunan lantarki da ake loda wa shiri (program) ba duka ne haka ba: Arduino Uno R3 USB-B ne da shi, Raspberry Pi Pico da ESP32 da yawa kuma micro-USB. Sau da yawa ɗalibi zai ce allonsa ya ƙone, amma lafiyarsa ƙalau, kebul ne ko adafta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kebul da aka yi don caji kawai. Fitilar allon za ta kama, amma kwamfuta ba za ta gan shi ba, domin babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsa. Idan za ka sayen kebul a kasuwar Banex da ke Wuse 2 a Abuja, tafi da laftof da allon, a jona a gabanka. In COM (sunan da Windows ke ba allon da aka jona) bai fito a Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jone, ba, kada ka biya.

Sai kebul mai USB-C a kai biyu. Wasu alluna masu araha suna da ramin USB-C amma ba a sa musu rezista biyu na 5.1k ba, kuma ta su laftof ke gane cewa ya kamata ya saki wuta. Ko fitila ba za ta kama ba. Maganin ba tsada: ƙaramin adafta daga USB-C zuwa USB-A, sai ka jona kebul na yau da kullum.

Kafin ka zargi kowa, duba rubutun cip ɗin da ke kusa da ramin. CH340 ko CP2102, kowanne da direbansa, wato manhajar da sai ka sa ta kafin kwamfuta ta gane allon. Tsohon PL2303 kam ka bar shi, sabon Windows ba ya karɓarsa.

Wanda ya fi damuna shi ne wuta. Pro Mini da ESP32-CAM ba su da USB, sai da adaftar USB zuwa TTL, wadda ake jona wa ƙafafun allon da wayoyi. ESP32 da 3.3V yake aiki. Ka tura masa siginar 5V, kana iya kashe shi. Nemi adafta mai ɗan makunnin zaɓen 3.3V ko 5V, ka duba inda yake kafin ka jona. TX (ƙafar aikawa) na adafta ya tafi RX (ƙafar karɓa) na allo, RX ya tafi TX, a haɗa GND (negatif) da GND. A ESP32-CAM sai ka haɗa ƙafar GPIO0 da GND lokacin loda shiri, ka cire bayan an gama.