Kurakuran da muke tafkawa idan mun kwashi iyali zuwa Chatsworth

Da zarar rana ta ɗan leƙo a Ingila, sai ka ji 'yan uwanmu mazauna Sheffield da kewaye suna shirin kwasar yara zuwa Chatsworth, gidan sarautar iyalin Cavendish da ke Derbyshire. Tafiya ce mai daɗi, amma kusan duk wanda ya je karon farko da ƙorafi yake dawowa, kuma mu ne muke jawo wa kanmu.

Matsalar tana farawa ne tun daga gaban madubi. Mun ji an ce fada, sai maigida ya zuba shadda, uwargida ta sa leshi da takalmi mai tsini. Alhali filin da ke kewaye da gidan, kimanin eka 1,000, makiyaya ce ta tumaki da barewa a gefen kogin Derwent. Ciyawar ba ta rabuwa da danshi, kashin tumaki kuwa ko'ina. Ranar da muka fara zuwa, ƙanwata ta nutse da takalmin bikinta a laka, da safa ta ƙarasa wajen mota. A sa takalmi mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, a jefa rigar ruwa a jaka ko da gari ya waye tangaran. Mai son hoto da kayan gida ya riƙo su daban.

Sai batun kuɗi. Yawo a filin kyauta ne, amma ajiye mota da shiga cikin gidan ko lambun duk sai an biya. Katin zama ɗan National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da yawa a Ingila, ba ya aiki a nan, domin wurin ba nasu ba ne. A yanke shawara tun a gida.

Inda muka fi shan wuya shi ne nisa. Daga ƙasa za ka hango hasumiyar farauta da aka gina a wajajen 1582 a kan tudu, ka ce ai ga ta nan. Hawan tsaye yake, keken jarirai ba ya jin daɗinsa, zanin goyo ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Idan da tsohuwa a tafiyar, kada a biye wa "Ba komai, zan iya" ɗinta. A ce, "Inna, mu zauna nan bakin ruwa, yaran su je su dawo." Da ƙananan yara, hanyar da ta miƙe daga ƙauyen Baslow zuwa gidan ta wadatar, shimfiɗaɗɗiya ce. A tuna dai duk takun da aka yi a tafiya sai an maimaita shi a dawowa, lokacin da kowa ya gaji.

Yaranmu suna ganin tunkiya sai su bi ta da gudu. A hana su, musamman a watannin Maris da Afrilu da ake haihuwa. Barewa kuwa a watan Oktoba mazan suna cikin faɗan barbara, daga nesa ake kallonsu. An dawo gida a duba ƙafafu da bayan kunnen yara saboda kaska, tana iya jawo cutar Lyme.

Abinci a taho da shi, dambun nama da fulas ɗin shayi sun isa. Abin da ake naɗe nama a ciki a shagunan abincin wurin yana iya zama da naman alade, sai an tambaya. Kada a ɗauko kayan gashi, ba a hura wuta a filin.

Sallah ma tana son lissafi. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa. A fito da alwala, a ɗauki gorar ruwa, a kuma shimfiɗa leda a ƙarƙashin sallaya, in ba haka ba da jiƙaƙƙen wando za a shiga mota.