Yadda mai wankin ƙoda zai mayar da asid folik ɗin da inji ke kwashewa

Injin wankin ƙoda ba ya raba datti da abin amfani baki ɗaya. Asid folik, wato bitamin B9, a ruwa yake narkewa, shi ya sa duk zaman awa 4 a kan inji sai wani kaso nasa ya bi dattin jini ya fita. In ya yi ƙasa, ɓargo ba ya iya samar da lafiyayyun jajayen ƙwayoyin jini. Sai kasala da haki, allurar ƙarin jini ta EPO mai tsada kuma ta ƙi yin aiki yadda ake so.

Ka fara da awon jini. Ko a Garwa kake wanki ko a Marwa, ka roƙi likita ya duba girman ƙwayoyin jinin a takardar NFS, wato sakamakon ƙidayar ƙwayoyin jini. VGM, wato ma'aunin girman jajayen ƙwayoyin jini, in ya haura 100 yana iya nuna ƙarancin asid folik. A duba bitamin B12 ma, domin asid folik yakan gyara jini ya ɓoye ƙarancin B12, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.

Sai magani. Likita ne zai yanke yawansa. Galibi miligiram 1 a rana ya wadatar, amma ƙwayar da aka fi samu a famasi ta miligiram 5 ce, don haka kada ka yanke wa kanka.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin sha. Ranar wanki, bayan ka sauka daga inji za ka sha. Wanda ya haɗiya da safe kafin ya hau, inji ne zai kwashe wani ɓangare na maganin da ya saya da kuɗinsa.

Kada kuma ka ce ganye zai cike giɓin. Zogale, alayyafo da wake suna da asid folik, gaskiya ne, amma cike suke da fotasiyam, wanda in ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yana iya tsayar da zuciya. Tafasa ganye a zubar da ruwan yana rage fotasiyam, sai dai asid folik ma yana bin ruwan. Masu dafa wa majinyaci, ku ci gaba da zubarwa, ƙwaya ce za ta mayar da abin da ya tafi.

Haɗe-haɗen bitamin na kasuwa, ka bar su, bitamin A da ke cikinsu yana taruwa a jiki. In kana shan Bactrim (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ko maganin farfaɗiya, ka gaya wa likita tun kafin ya rubuta.