Yadda Ake Raba Hedifon da Lasifika a Kwamfuta, Kowanne Ya Fitar da Sautinsa

Duk wanda ya taɓa zama a bayan kwamfuta a wurin taro, walima ce ko bitar ma'aikata, ya san wannan matsala. Ana son lasifika ta ci gaba da fitar da abin da jama'a suke saurara, shi kuma mai kula da na'ura yana son ya ji abin da zai saka a gaba a kunnensa shi kaɗai, amma da zarar ya cusa wayar hedifon sai lasifika ta yi tsit, kowa ya waiwayo yana dubansa. Haka ma mai aiki a shago ko ofis da yake son karatu ko labarai su riƙa fita a lasifika, kiran Zoom kuma ya shigo masa a kunne. Abin yana yiwuwa a yawancin kwamfutoci, sai dai kafin a taɓa kowane saiti akwai tambayar da ya kamata a amsa, domin ita ce take nuna hanyar da za a bi: shin kwamfutar tana ganin hedifon da lasifika a matsayin na'urori biyu ne, ko kuwa na'ura ɗaya mai ƙofa biyu?

A Windows 10 da Windows 11 gano amsar ba ya ɗaukar minti guda. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta mmsys.cpl a ɗan akwatin da ya fito, sannan ka danna Enter. Tsohon allon saitin sauti zai buɗe a kan shafin Playback, wanda yake jera duk abin da kwamfutar take iya fitar da sauti ta cikinsa. Ka danna ɓangaren dama na linzami a wani fili da babu rubutu, ka sa alama a kan "Show Disabled Devices" da "Show Disconnected Devices" domin a nuna maka har waɗanda aka kashe ko aka cire. Daga nan sai ka cusa hedifon idonka yana kan jerin. Idan wani sabon suna ya fito ko ya yi kore, kwamfutarka ta riga ta raba su, abin da ya rage shi ne rabon aiki, wanda za mu zo kansa. Idan kuwa jerin bai motsa ba, sauti kawai ya koma kunnenka, to direban sauti, wato manhajar da take haɗa Windows da na'urar sauti, ya haɗe su wuri ɗaya, kuma a nan aikin yake.

Kafin a zargi direba, a duba inda aka cusa wayar. Lasifikokin tebur da yawa suna da ramin hedifon a jikinsu, kuma a cikin ramin akwai ɗan ƙarfe da kan waya yake turawa ya yanke sautin lasifikar. Kwamfuta ba ta ma san an cusa komai ba, saboda haka babu saitin da zai raba su. Tsarin da ake so a kwamfutar tebur shi ne lasifika ta shiga koren ramin baya, wanda yake jikin babban allon cikin kwamfuta (motherboard), hedifon kuma ya shiga ramin gaba na akwatin. Ruwan hoda na makirfo ne, shuɗi kuma na shigar da sauti daga wata na'ura.

Ramin gaban shi ma yana da nasa sirrin. Wata siririyar waya ce take haɗa shi da babban allo a ciki, kuma tsofaffin akwatuna sukan zo da kawuna biyu a kan wayar, ɗaya an rubuta masa AC'97, ɗayan HD Audio. Tsarin AC'97, wanda Intel ya fitar a 1997, yana bi da sautin baya ta cikin ramin gaba, shi ya sa cusa hedifon yake yanke lasifika ta hanyar ƙarfe zalla. HD Audio, wanda ya gaje shi a 2004, shi ne yake sanar da kwamfuta cewa an cusa wani abu, ya bar wa manhaja yanke shawara. Idan kwamfutar haɗin hannu ce ko ta sha gyara, yana da kyau a kashe ta, a zare wayar wuta, a buɗe gefen akwatin a tabbatar kan HD Audio ne a haɗe. A wasu allunan akwai zaɓin nau'in ramin gaba a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, shi ma a mai da shi HD Audio.

Yawancin kwamfutocin tebur suna amfani da guntun sauti, wato ɗan abin da yake sarrafa sauti a kan babban allo, na kamfanin Realtek na ƙasar Taiwan, kuma saitin da muke nema yana cikin manhajar kamfanin, ba a cikin saitin Windows ba. A tsofaffin direbobi sunanta Realtek HD Audio Manager, ana samunta a Control Panel. A sababbi kuwa Realtek Audio Console ce, wadda take zuwa ta Microsoft Store. A kowacce ka nemi wurin da aka rubuta "Device advanced settings". Za ka tarar da zaɓi biyu. Na farko, wanda galibi shi ne a kunne, yana cewa a rufe bakin na'urar baya idan an cusa hedifon a gaba. Na biyu yana cewa "Make front and rear output devices playback two different audio streams simultaneously", wato gaba da baya kowanne ya ɗauki sautinsa dabam a lokaci guda. Shi za ka zaɓa. Sauti zai ɗauke na ɗan lokaci, sannan idan ka koma mmsys.cpl za ka ga sabuwar na'ura mai suna "Realtek HD Audio 2nd output", ita ce hedifon ɗinka. Ina ba da shawarar a sauya mata suna nan take ta hanyar shiga Properties, a rubuta "Kunne" ko "Hedifon", a sa wa ɗayar "Lasifika", domin a tsakiyar taro babu lokacin tsayawa tantance dogayen sunaye masu kama da juna.

Akwai wani zaɓi a manhajar da mutane suke yawan rikita shi da wannan, wato "Disable front panel jack detection". Abin da yake yi shi ne hana kwamfuta lura da cusa waya, sai sauti ɗaya ya riƙa fita gaba da baya tare. Yana da amfani ga mai son kowa ya ji abu ɗaya, amma bai raba komai ba.

Matsala takan taso ne a laftof. Masu ƙera su sukan cire wancan zaɓin daga manhajar Realtek, wasu kuma an tsara su ne yadda lasifikar ciki da ramin hedifon suke karɓa daga hanya ɗaya. Dabarar da takan yi aiki a wasu lokuta ita ce a sauya direban Realtek da na Microsoft na gama-gari. Ana buɗe Device Manager, a faɗaɗa "Sound, video and game controllers", a danna dama a kan Realtek, a zaɓi "Update driver", sannan "Browse my computer for drivers", sannan "Let me pick from a list", a ɗauki "High Definition Audio Device". Wannan direba sau da yawa yakan nuna Speakers da Headphones a matsayin abubuwa biyu. Shi ya sa ma wasu masu kwamfutar da aka saya a hannun wani, waɗanda aka goge musu Windows aka ɗora sabuwa ba tare da direban kamfani ba, suke samun rabuwar ba tare da sun nema ba. Sai dai dabarar tana da farashi. Gyaran murya irin na Dolby ko Waves da kamfani ya saka zai tafi, lasifikar laftof tana iya yin ƙasa ko ta zama kamar ana magana a cikin gwangwani, makirfon da ke jikin iyafis yana iya daina aiki, kuma Windows Update yana iya maido da tsohon direban ba tare da sallama ba. Idan sakamakon bai yi maka ba, maɓallin "Roll Back Driver" a cikin Properties zai mai da kai inda ka fito.

A ganina, mai laftof da yake buƙatar wannan rabuwa don aiki na gaske bai kamata ya ɓata yini yana kokawa da direba ba. Ɗan ƙaramin katin sauti na USB, wanda bai wuce girman filashi ba kuma ake samu a shagunan kayan kwamfuta, yana kawo nasa guntun sauti, don haka Windows take ganinsa a matsayin na'ura mai zaman kanta da zarar an cusa shi, ba tare da an ɗora komai ba. Sai a haɗa hedifon a jikinsa, a bar ramin laftof ga lasifika, ko a yi akasin haka. Abin lura wurin saye shi ne, daga cikin ƙananan wayoyin da suke mai da USB-C zuwa ramin milimita 3.5 akwai waɗanda babu guntun sauti a cikinsu, an yi su ne don wasu wayoyin salula, kuma kwamfuta ba za ta gan su ba. A gwada a shagon kafin a biya, a kuma saurara da kyau lokacin da babu abin da yake kunne, domin masu arha sosai sukan yi wani siririn tsaki da yake gajiyar da kunne. Hedifon mai wayar USB ko na Bluetooth shi ma yana fitowa a matsayin na'ura dabam, kodayake na Bluetooth yana da ɗan jinkiri da zai dami mai haɗa bidiyo. Talabijin ko allon da aka haɗa ta HDMI shi ma mafita ce ta uku, sunansa zai fito a jerin.

Da zarar sunaye biyu sun bayyana, sai rabon aiki. Windows tana da muƙamai biyu da take bai wa na'urorin sauti. Idan ka danna dama a kan na'ura a mmsys.cpl za ka ga "Set as Default Device", wato inda duk wani sauti zai nufa idan ba a ce masa komai ba, da kuma "Set as Default Communication Device", wato inda kira zai shiga. Mai aiki a ofis zai iya bai wa lasifika na farko, hedifon na biyu, ya wadatar. Wanda yake son kowace manhaja ta bi hanyarta kuwa, tun sabuntawar Afrilun 2018 Windows 10 take da shafin "App volume and device preferences" a ƙarƙashin Settings, System, Sound. A Windows 11 sunan shafin "Volume mixer". Manhaja ba ta cika fitowa a jerin ba sai tana buɗe kuma ta fara fitar da sauti, don haka ka kunna wani abu a cikinta tukuna, sannan ka zaɓa mata mafita. Idan ba ta bi umarni ba, ka rufe ta ka sake buɗewa. Ka sani cewa duk shafukan Chrome hanya ɗaya suke bi, mai son YouTube a lasifika da wani shafin a kunne sai ya buɗe ɗaya a Chrome, ɗayan a Firefox ko Edge. Wasu manhajojin suna da nasu zaɓin wanda ya fi na Windows tabbas: VLC tana da "Audio Device" a ƙarƙashin Audio, Zoom kuma tana da zaɓin Speaker a saitinta na sauti.

Ga mai aikin taro, tsarin da na fi amincewa da shi shi ne a mai da hedifon babbar mafita, wato Default Device, a tura manhajar kiɗa ko karatu ita kaɗai zuwa lasifika. Dalili shi ne duk ƙarar saƙo, da ta kuskure, da ta cusa filashi, babbar mafita suke bi. Na taɓa yin akasin haka a wani taron bita, ana tsaka da sauraron jawabin da aka naɗa sai ƙarar saƙon WhatsApp ta karaɗe zauren har sau uku kafin na gano inda take fitowa. Haka kuma a shiga shafin Communications na mmsys.cpl a zaɓi "Do nothing", domin Windows tana zuwa ne da saitin rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 idan ta ji an fara kira, abin da zai sa lasifikar zaure ta yi ƙasa ba gaira ba dalili. A kuma kiyaye cewa idan hedifon ya zare ko batirinsa ya ƙare, Windows za ta mai da sautinsa ga na'urar da ta rage, wanda yake nufin kiran da kake yi a asirce zai iya fita a lasifika.

Masu amfani da Linux za su buɗe alsamixer, su danna F6 su zaɓi katin sauti, su nemi "Auto-Mute Mode" su kashe shi domin lasifika ta daina yin shiru, a wasu katunan kuma akwai "Independent HP" da yake bai wa hedifon hanyarsa. Manhajar pavucontrol ita ce take tura kowace manhaja inda ake so, kuma tana aiki da tsarin sauti na Linux guda biyu, PulseAudio da PipeWire, duka. A Mac kuwa ana zaɓen mafita ne a saitin Sound ko a cikin ita manhajar da take fitar da sautin, Audio MIDI Setup kuma yana ba da damar haɗa mafita biyu su fitar da abu ɗaya.

Bayan an gama, a gwada kowace na'ura ita kaɗai ta hanyar danna dama a kanta a zaɓi Test, za a ji ƙararrawa a hagu sannan a dama. A rage ƙarfin hedifon kafin gwajin, domin sabuwar na'ura takan fito da ƙarfinta a sama sosai. Mai katin USB kuma ya riƙa mai da shi ramin da ya saba, domin idan aka sauya rami Windows takan ɗauke shi a matsayin baƙo, ta sa masa lamba 2 a gaban suna, ta manta sunan da aka raɗa masa da manhajojin da aka tura masa. Ɗan guntun salatif a gefen ramin ya isa alama.